Kwandala a Gindin Kofi

Shafi na 31

Na ga saƙonninku duka, har na baiwar Allahn da ta ce in ban saki shafi yau ba za ta biyo ni Norway da muciya. Bismillah, ki taho, amma ki haɗo da rigar sanyi biyu. Masu cewa gidan yari ne ya dace da Torgeir, da masu zubar da hawaye saboda tsohuwarsa, kowa ya gyara zama. Yau ake ɗora azara.

*

Azarar tsakiya ta zauna daram, kamar dama can a wurin aka halicce ta.

Torgeir na can sama, ƙafa ɗaya a tsani ɗaya a kan bango, ya buga turken ƙarshe ya ɗaga guduma. Ƙasa ta ɗauki tafi da shewa. Duk Ulvika ta fito gayya, har da waɗanda suka rantse ba za su miƙa ko ƙusa ba muddin shi ne kafintan. To, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mutanen garin nan namu in suka jiyo ƙamshin wainar Gunvor, matar Oddmund mai wurin, rantsuwarsu takan yi laushi.

Ya shafa katakon da tafin hannu. Sabon ɗakin jirgi, inda ake ajiye kwale-kwale, daidai gurbin wanda ya ƙone.

Shi ya ƙona shi, bai kuma taɓa musantawa ba. Ranar da shekara ta sake zagayowa da mutuwar amininsa Eskil, ya sha ya yi tatul, ya shiga ɗakin ya zauna cikin kwale-kwalen marigayin ya kunna masa kyandir. Barci ya sace shi. Shi an jawo shi da rai, ɗaki da kwale-kwale kuwa sai toka. Kwale-kwalen nan shi kaɗai ya rage wa tsoho Oddmund daga ɗansa Eskil, don teku ko gawa ba ta dawo musu da ita ba.

Kotu ta yanke masa zaman gidan yari, sannan ta jingine hukuncin bisa sharaɗi. Ya zauna a gida da na'ura ɗaure a idon sawu, ya sake gina ɗakin da hannunsa, barasa ko ɗigo kada ta taɓa harshensa, in ya gama kuma mai ɗakin ya tsaya gaban kwamitin sulhu ya ce ya karɓa. Ɗaya ya warware, sai jirgin fito zuwa birni. Ranar da ya tafi kuwa, ranar za a kwashi mahaifiyarsa Magnhild zuwa gidan tsofaffi, matar da ruɗewar tsufa ta sa duk duniya ba ta gane fuskar kowa sai tasa.

"Kai mai munduwa!"

Arnfinn ne ya ɗaga murya daga ƙasa, tsohon direban jirgin fito da ya yi ritaya ya bar bakinsa a bakin aiki.

"Sauko haka nan, kar gwamnati ta ga na'urarta ta yi sama ta zaci fiffike ka yi!"

Aka kwashe da dariya, har da shi Torgeir ɗin. Watannin baya ba mai tsokanarsa, wuce shi ake yi kamar dutse. A garin nan in aka fara yi maka ba'a, to an fara mayar da kai cikin mutane ne, shi ya sa dariyar ta yi masa daɗi har cikin ransa.

Yana saukowa Arnfinn ya turo baro tsakiyar jama'a, ya yaye buhun da ke kai. Mutum-mutumi ne, tsohon wando da riga an cusa musu ciyawa, har da farin gemu na igiya.

"Oddmund! Ga tagwaininka nan na zo maka da shi. Azara ta hau, maƙogwaro ya bushe. In kofin azara bai fito ba, yau wannan zai kwana yana lilo a sama, duk jirgin da ya wuce ya san gidan marowaci."

Oddmund na zaune a kan akwatin kifi tun safe, dogo, fuska a murtuke, ko tsinke bai ɗaga ba.

"Mayar da tsummanka," ya ce. "Ba a taɓa rataye gidanmu ba, ba kuma a kaina za a fara ba."

Ya sa hannu bayan akwatin ya jawo fulas da wata kwalba marar takarda. Kowa ya san kwalbar, in kuma hukuma ce ke tambaya ba wanda ya taɓa ganinta. Barasar da Oddmund ke dafawa a ɗakin ƙasan gidansa ta fi shi suna a tsibirin nan, fara tas kamar ruwan famfo, doka kuwa ta hana dafa ta, ta hana sha.

Ya ɗora kofi a gwiwa. Ya jefa kwandala mai huda a ciki. Ya tsiyaya gahawa har kwandalar ta ɓace. Sannan ya tsiyaya barasa a hankali, a hankali, har ta sake bayyana tana ƙyalli a gindin kofin. Karsk ke nan, in ka sha ɗaya ka manta sanyi, in ka ƙara ka manta hanyar gida.

Maza suka matso suna lasar leɓe. Torgeir ya ja da baya, ya nufi inda aka ajiye ruwa.

"Torgeir."

Cak ya tsaya.

Tun ranar gobara tsohon nan bai kira sunansa ba. Duk tsawon ginin ta bakin matarsa yake magana: ki gaya wa wancan ƙofa ta karkace, ki gaya wa wancan kwalta ta yi kaɗan. Yau ga sunansa a bakin Oddmund a gaban kowa. Allah sarki, ya zaci ranar da yake jira ce ta zo.

"Na'am, Oddmund."

"Zo ka karɓa. Kofin farko na mai gini ne."

Torgeir ya juyo ya kalli kofin.

"Ka san ba zan iya ba," ya ce a hankali.

"Ban sani ba."

"Kana zaune aka karanta sharaɗin. Kujerarka na kallon tawa."

"Kunnena ya tsufa, yaro. Abin da na sani, ubana ya ba mai gininsa kofi ya sha, kakana ya ba nasa ya sha. Rufin da mai gininsa ya ƙi kofinsa kuwa iskar hunturun farko ke tafiya da shi. Ko ƙarya na yi, jama'a?"

Ba wanda ya ce ƙarya ne, ba kuma wanda ya ce gaskiya ne.

"Haba Oddmund," in ji Arnfinn yana sosa ƙeya, "zuba masa gahawa zalla mana, ni in wakilce shi a wannan. Hantata ta daɗe da sallamawa, ba asarar komai za a yi ba."

"Kai ka gina?"

"A'a, amma ni na riƙe tsani."

"To ci gaba da riƙonsa, ka haɗa da bakinka."

Tsohon ya miƙe, ya tako har gaban Torgeir, kofin na tururi a hannunsa.

"Ranar Litinin kwamiti zai zauna, ko ba haka ba? Ka sha, in je in ce na karɓa. Ka ƙi, in ce musu ɗakin da mai gininsa bai yarda da shi ba ni ma ban yarda da shi ba."

"In na sha kuma aka gwada ni fa?"

"Wannan tsakaninka da mai gwajin."

"Gidan yari kake so in tafi ke nan."

"Can ya kamata a ce kake tun farko!" Muryarsa ta fashe har gahawar ta fantsalo masa a yatsu. "An zaunar da ni a ɗaki ana tura min biskit, wai sulhu, wai in faɗi yadda nake ji a raina. Yadda nake ji! Mutum ya ƙona abin da ya rage min a duniya, hukuncinsa a ɗaura masa agogo a ƙafa ya koma ya miƙe kan katifarsa? Don Gunvor na yarda, ba don kai ba."

"Na gina maka shi da hannuna, Oddmund. Kowane katako ni na..."

"Gina min Eskil."

Torgeir ya sunkuyar da kai.

Gaba kura, baya siyaki. Ya ƙi sha, Litinin ta kai shi birni. Ya sha, sai dai ya yi ta addu'a kada Randi ta zo, jami'ar da ke kula da hukuncinsa, wadda kan faɗo ba sanarwa da abin busawarta na gwajin barasa a jaka. Amma ai jiya-jiyan nan ta zo. Yau Asabar. Da wuya ta ƙetaro ruwa kwana biyu a jere. Kuma kar mu yi wa kanmu ƙarya, ƙamshin nan da ke tashi daga kofin ba baƙonsa ba ne. Watanni yana toshe masa kunne, yau ga shi a ƙarƙashin hancinsa yana kiransa da suna.

"Na roƙe ka," ya ce. "Ba don ni ba. Ka san halin da tsohuwata ke ciki."

"Ni kuma ka san halin da nake ciki?" Oddmund ya ƙara matsowa. "Ranar da kuka yi da ɗana za ku fita janyo raga da asuba, kana ina? Kana kwance kana barcin giya, ya fita shi kaɗai. Daren ranar ba ka ƙi kofi ba. Ranar da ka cinna wa jirginsa wuta ba ka ƙi kofi ba. Sai nawa ne za ka ƙi?"

Nan ne gyambon Torgeir, tsohon kuma ya san wurin sarai. Shekara kusan ashirin yana kwana yana tashi da maganar nan: da na farka, da mu biyu ne a jirgin. Ita ta koya masa sha, ita ta kai shi ɗakin jirgi da kyandir a hannu.

Ya ɗago, ya hangi gidansu can kan tudu. Ga inuwar Magnhild a bakin taga inda ya zaunar da ita da safe, ya ce mata ta riƙa kallonsa yana kan rufi.

"In na sha," ya ce, "ka yafe min?"

"Sha tukuna."

Ya karɓi kofin da hannu biyu.

"Torgeir, kar ka..." Arnfinn ya fara, amma kofin ya riga ya kai baki.

Sai ƙarar faranti a kan dutse, waina ta watse ko'ina.

"Tofar! Tofar da shi, ɗan nan!"

Ya tofar. Rabi ya riga ya wuce, yana jin sa yana gangarawa kamar garwashi.

Gunvor ce, matar Oddmund, da ta hau gida ƙaro waina. 'Yar ƙaramar tsohuwa da ko a coci sahun baya take zama, ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya ko a kan kare. Yau ga ta ta gangaro da gudu, gashi a warwatse. Ta fizge kofin ta kifar, kwandalar ta faɗo ta gangara ta tsaya a bakin takalmin mijinta.

"Ka sake, Oddmund? Ka sake yi?"

"Koma gida, Gunvor."

"Sau biyu? Da hannun nan naka guda?"

"Na ce ki koma gida!"

"Na taɓa komawa gida na yi shiru. Yau ba inda za ni."

Ta sa hannu a wuyan rigarta ta zaro wani baƙin zare. A jikinsa kwandala ce mai huda, ta dushe saboda daɗewa. Duk matan garin sun san ta da ita.

"Kun san wannan, ko? Kuna cewa ta Eskil ce nake tunawa da shi. Tasa ce. A gindin kofinsa na tsince ta."

Fuskar Oddmund ta yi fari fat.

"Gunvor, don Allah..."

"Yanzu ka san Allah? Safiyar da ya mutu, Eskil ya shigo kicin yana rawar sanyi. Ya ce Torgeir bai fito ba, zai bari sai gobe, tekun ma ba ta yi masa ba. Ina ɗaki, da kunnena na ji. Wa ya ce masa namiji ba ya jiran aboki? Wa ya jefa masa kwandala a kofi wai ya ji ɗumi? Ka ba shi ɗaya, ka ƙara, ka sake ƙarawa, yaron da bai saba ba. Ta taga na hango shi yana sauka gangaren nan yana tangaɗi, kai kana bakin ƙofa kana dariya, wai iskar teku za ta wartsakar da shi."

Wata mata ta toshe baki da hannu. Arnfinn ya cire hularsa bai ma san ya cire ba.

"Da 'yan sanda suka zo," Gunvor ta ci gaba, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba, "na riga na wanke kofin. Na ce musu burodi ya ci da gahawa. Kana tsaye a bayana kana gyaɗa kai. Na ce a raina na rasa ɗa, ba zan rasa miji ba. Ranar addu'a kuma a ƙofar coci ka nuna yaron nan da yatsa ka ce shi ya kashe maka ɗa, na haɗiye. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to nawa ya cika, ba sauran wuri."

"Ya isa," Oddmund ya ce, amma muryar kamar ba tasa ba.

"Bai isa ba. Ka ce gidan yari ya dace da shi. Kai wa ya kai ka? A gidanka na bar ka, kan katifarka, ina dafa maka ina wanke maka, ina jira ko wata rana za ka gyara ko da kaɗan daga abin da ka ɓata. Ranar sulhu da na matsa maka ka yarda, ka zaci don shi na yi? Don kai na yi, ko ka ga yadda mai laifi ke biya da hannunsa ka koya. Shi ya tayar da ɗaki daga toka. Kai me ka tayar? Laifi tudu ne, Oddmund, ka taka naka kana hango na ɗan mutane."

Torgeir ya zauna kan guntun katako. Duk maganar nan abu ɗaya ne ya maƙale masa.

"Gunvor... cewa ya yi zai bari sai gobe?"

"Haka ya ce."

"Zai jira ni?"

Ta durƙusa ta riƙe fuskarsa da hannayenta masu ƙamshin man shanu.

"Zai jira ka, ɗana. Ko fushi bai yi ba. Dariya ma ya yi, ya ce bar shi ya yi barcinsa, ragon banza."

Ƙaton mutum, kafinta mai kanta a hannu, ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar yaron goye. Ni kam ba na ganin laifinsa, kayan da ya ɗauka tun yana saurayi ne aka sauke masa ba shiri.

Ba wanda ya ji ƙahon jirgin fito na rana. Ƙarar taya a kan tsakuwa ce ta dawo da kowa hayyacinsa.

Farar mota, ƙarama. Kowa ya san ta.

Wallahi ban taɓa ganin tsofaffi da zafin nama irin na lokacin ba. Kafin motar ta gama tsayawa kwalba ta shige cikin wandon mutum-mutumi, buhu ya koma kai, kofuna sun ɓace a aljihun riguna. Wata ta sunkuya tana tsintar waina kamar abin da ya kawo ta duniya ke nan.

Randi ta fito da fara'arta, fure a hannu ɗaya, jaka a kafaɗa. Ita ce ta tsaya kai da fata tun farko ta ce a gwada mutumin nan a gida, ba kowa ne a ofishinsu ya so ba.

"Kai! Ya tashi!" ta ce tana kallon rufin. "Na ce yau ko hutu nake sai na zo na gani da idona. Torgeir, har hoto zan ɗauka in kai wa masu cewa ɓata lokaci muke. Me ya same ka, kuka kake?"

"Farin ciki ne," in ji Arnfinn da sauri. "Mu nan haka muke, in muka ji daɗi sai mu yi ta kuka."

Ta yi dariya, ta miƙa wa Gunvor furen.

"To tunda na zo, busa min mu gama da shi, in zauna in ci waina da hujja."

Ta zaro na'urar ta miƙa.

Torgeir ya kalli abin. Ya kalli Gunvor. Ya share fuska da hannun riga, ya miƙe, ya busa.

Na'urar ta yi ƙara. Ja.

Fara'ar Randi ta ɗauke. Ta girgiza abin, ta canza bakin, ta ce ya kuskure baki da ruwa. Aka tsaya jugum-jugum ana jira, ita tana kallon agogo, su suna kallon ƙasa. Ya sake busawa.

Ja.

"Torgeir," ta ce ƙasa-ƙasa, "saura fa ƙiris. Me ya sa?"

Ya kawar da kai.

"Kalle ni. Na'urar nan da kanta take aika sakamako ofis, ba ni da ikon ɓoyewa. Za su kira yanzu. In kai ka nema ka sha, ba ni da abin da zan ce musu. In kuwa akwai wata magana a ƙasa, yanzu ne lokacinta. Wa ya ba ka?"

Kalma ɗaya ce tsakaninsa da gidansa. Ya juya ya kalli Oddmund, wanda ya koma kan akwatin kifinsa ya zama kamar an zare masa laka. Ya kalli Gunvor, tsohuwar da ta ce ta rasa ɗa ba za ta rasa miji ba. In ya faɗa, 'yan sanda za su sauka ɗakin ƙasan gidanta, daga nan kuma Allah kaɗai ya san inda maganar za ta tsaya.

"Ni na sha," ya ce. "Ba wanda ya ɗura min."

Randi ba yarinya ba ce. Ta juya ta bi jama'a da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ku fa? Kuna nan tun safe. Ba wanda ya ga komai?"

Nan take duk Ulvika ta gano cewa teku abar kallo ce. Wannan halin namu ne, ban kuma taɓa jin kunyarsa irin ta yau ba. Mutum zai ba ka rigarsa a tsakiyar ƙanƙara, amma ya ambaci sunan maƙwabci a gaban hukuma, gara ya haɗiye harshensa. Balle duk wanda ke tsaye a wurin ya taɓa ɗanɗana kwalbar nan.

"Arnfinn?"

"Ni... gahawa na gani." Bai iya ɗago ido ba.

Gunvor ta buɗe baki, Torgeir ya riƙe mata hannu ya girgiza kai.

"Kin yi mai wuyar," ya ce mata. "Ki yi min guda ɗaya kawai. Maganin tsohuwata na yamma a madara ake sa mata, in ta gan shi ba ta sha. Ba ta yarda a kashe fitilar zaure. In ta tambaye ni kar ki ce na tafi, ki ce ina kan rufi. Takan yarda da wannan."

"Ɗan nan..."

"In masu ɗaukarta sun zo, ki sa mata shuɗin mayafin nan a jaka. Kar su bar shi."

Wayar Randi ta fara ruri a aljihu.

Ta ciro ta duba. Ta lumshe ido.

"Su ne."

"Dakata."

Oddmund ne. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki kwandalar da ke bakin takalminsa. Ya taka zuwa baro, ya yaye buhun, ya zura hannu cikin wandon mutum-mutumin nan mai kama da shi, ya zaro kwalbar. Mutane suka dare masa. Ya zo ya dire ta a kan motar hukuma, ya ɗora kwandalar a gefenta.

"Tawa ce," ya ce. "Ni na dafa, ni na zuba. Ya ƙi, ya roƙe ni, na ce in bai sha ba zan ƙi karɓar ginin. Duk waɗannan sun ji, kurame ne kawai na rana ɗaya."

"Oddmund, ka san abin da kake faɗa?" in ji Randi. Wayar na ta ruri a hannunta.

"Kofi irin wannan na taɓa ba wani yaro, teku ta riga ki zuwa. Wannan kam ba za a tafi da shi ina tsaye ba."

Randi ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta danna wayar ta kai kunne.

"Eh, ina wurin... Eh, na gani, sau biyu... A'a, kar ku turo mota tukuna." Ta saurara, fuskarta ta ƙara ɗaurewa. "Na sani. Na san doka. Amma akwai wanda zai yi magana."

Ta sauke wayar daga kunne ta miƙa wa tsohon.

"Maganata ba za ta wadatar ba, sun ce sai daga bakin mai ita. Kuma ka sani, duk abin da ka faɗa ana naɗa, ba a janyewa."

Oddmund ya kalli wayar. Ya kalli matarsa, da baƙin zaren da ke lilo a ƙirjinta. Ya ɗaga kai ya kalli sabuwar azara.

Ya karɓa.

"Sunana Oddmund," ya ce. "Kuna da lokaci? Don ba daga yau zan fara ba."